Dalmar da Na Zuba a Rafin Baffa

Ni ban yi boko ba. Da kiwo na tashi, a wani ƙauye tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, a hannun Baffa, ƙanen mahaifina. Akwai rafi a bayan gidanmu, nan shanunsa ke sha.

A kasuwa na ga 'yan gwangwan suna sayen mataccen batir. Na farko tsintarsa na yi. Na biyu na babur ɗin maƙwabci ne. Daga nan sai na solar rijiyoyin burtsatse, ranar Juma'a idan maza sun tafi masallaci. In fasa shi a wani lungu na rafin, in narka dalmar da ke cikinsa a kasko don kada mai kaya ya gane kayansa, in wanke tokar da ruwan batir cikin rafi. Narkakkiyar dalma kyau gare ta, kamar wata ne ya faɗo kasko. Nakan daɗe ina kallonta.

Damina biyu ina haka. Wata rana Baffa ya ce, "Kai, ina mazari suka tafi? Da ko'ina fiffikensu ne a kan ruwa."

Na ce, "Baffa, ƙwari aka ba ni kiwo?"

Bai yi dariya ba. Shi al'adarsa, kafin shanu su sha sai ya juya dutse a cikin ruwa. In ya ga ƙananan halittu na motsi a ƙarƙashi, ruwan na da rai. Ranar ya yi ta juyawa, ba komai sai jajayen tsutsotsi. Tun daga nan ya koma kai shanu wani ruwa, tafiyar rabin yini, da gwiwarsa mai ciwo. Ina gani, ban daina ba.

Sai wata malama daga jami'a ta zo da 'yar raga da kwalabe, tana nazarin ƙwarin ruwa. Bayan ta auna lakar ta dawo ta ce wa Baffa, "Baba, dalma ce. Ba ta ruɓewa, cikin laka take kwanciya. 'Ya'yan ƙwarin a laka suke girma, dalmar ke kashe su. Wanda ya tsira kifi ya ci, ku ci kifin."

Suka bi rafi sama, suna juya duwatsu, har inda ƙwari suka sake bayyana. Nan ne lunguna. Baffa ya ɗaga kaskon ya ce, "Na gidana ne." Shi da kansa ya kai ni gun mai gari. Daga can sai gaban alƙali, aka ɗaure ni.

A gidan yari mafarkina ɗaya ne. Ina kwance a ƙasan rafi, ruwa garau, inuwar fukafukai na giftawa a samana. In miƙa hannu, sai hannun ya yi nauyi, ya nutse cikin laka.

Da aka sako ni na durƙusa gaban Baffa. Ya rame, shanun sun ragu. Ya ce, "Ni na yafe maka. Rafi ne ban san nasa ba." Ya miƙo mani shebur da buhu.

Yanzu lakar lungun nake kwashewa, ina kaiwa inda malamar ta nuna, nesa da ruwa. Na tuba ga Allah.

Samari, kada ku taɓa abin da ba naku ba, ko mataccen batir ne. Kada ku zuba wa ruwa abin da ba za ku sha ba. Ni alƙali ya faɗa mani ranar fitata, kuma na fito. Na tambayi malamar ranar da rafin zai warke. Ta ce ba ta sani ba.