Momo Aporosa da Akwatin Saƙon Tsibirinmu

Kafin ɗaliban firamare su gama sharar fili, Momo Aporosa ya riga ya buɗe ofishin ƙauye. Yakan fara da yaye ƙyallen da matarsa ta ɗinka wa kwamfuta, ya goge gishirin da iskar teku ta bari a jikin wayoyi, ya leƙa bayanta ko tsaka ta yi ƙwai. Daga nan ya duba batirin sola, ya gyara agogon kwamfutar, domin idan kwanan wata ya kauce, imel ba ya shiga ba ya fita. Sai ya zauna da shayinsa da dafaffen rogo, yana jiran na farko da zai shigo ya ce, "Momo, saƙona bai tafi ba."

Mu sa'o'in 'ya'yansa Momo muke ce masa, wato kawu. Tun ina ƙarama adireshin imel ɗaya ne tsibirinmu na yankin Lau yake da shi, shi ne kuma mai riƙe da shi. Duk ɗan da ke tsinkar inabi a Ostiraliya, duk sojan da ke Birtaniya, nan yake aiko wa iyayensa. Momo ya buga a takarda, ya naɗe, ya kai gida da ƙafarsa. Ya san wanda aurensa ke tangal-tangal da wadda ta faɗi jarrabawa, amma ba a taɓa jin maganar wani ta fito daga bakinsa ba, ko a zaman shan kava, abin shanmu na gargajiya, inda ake sakin baki.

Ni mai kunya ce, don haka yawanci daga kan benci nake kallonsa. Ba ya cewa mutum ya yi kuskure. Ranar da saƙon fasto ya maƙale saboda ya jingina masa bidiyon mawaƙan coci gaba ɗaya, cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, kwale-kwalen ƙarami ne, mawaƙan sun yi yawa. Mu tsallakar da su kaɗan-kaɗan." Taubashinsa Sakiusa, mai kwale-kwalen da ke kai mutane bakin babban jirgi, kullum sai ya leƙo ya tsokane shi: "Likitan akwati! Yau ma kashewa da kunnawa ne maganin?" Shi kuma ya ce, "Da kai ma ana kashe ka a kunna, da ka gyaru."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne lokacin da na dawo hutu daga jami'a. Nana, mahaifiyata, masaƙiyar tabarma ce, yanar ido kuwa ta rufe ta har ba ta bambanta zaren ado ja da baƙi. Asibiti a Suva, babban birninmu, sun ce za su aiko da ranar aiki ta imel, a zuwan wasu likitocin ido. Jirgin ruwa ba kullum yake zuwa mana ba. In ta rasa na wannan karon, likitocin sun tafi.

Sai saƙo ya ɗauke. Namu na fita, na waje ba ya shigowa. Momo ya bi waya, ya bi kalmar sirri, ya aika wa kansa gwaji, daga ƙarshe ya jingina da kujera ya ce, "Akwatin saƙon ne ya cika."

Abin da ya cika shi kuwa hotuna ne da bidiyon jana'iza. Idan ɗanmu ya rasu a ƙasar waje, waɗanda ke can sukan ɗauki komai su aiko wa iyayen da ba su samu zuwa ba. Shekara da shekaru ba wanda ya yi ƙarfin halin cewa a goge ko ɗaya.

Sakiusa ya ce, "Kai dai ka cika nawa. Kwafe su wani wuri ka goge, wa zai sani?"

Momo ya ce, "Kwafewa na riga na kwafe. Amma ajiya aka ba ni. Ba a tashin mamacin mutane a canza masa makwanci ba a gaya musu ba."

Ya ɗaura zanensa na zuwa coci, ya ɗauki saiwar kava kamar mai zuwa neman alfarma wurin dagaci, ya shiga gida-gida. Kowa ya yarda, sai Tukai Nemani, tsohon da duk muke kira kaka. Bidiyon ɗansa soja shi ne mafi girma a akwatin, in bai fita ba wurin da aka samu ba zai daɗe ba. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji ya ce, "Aporosa, sun binne shi a ƙasar sanyi ban gani ba. Yanzu kai ma za ka sake binne min shi?"

Momo bai yi gardama ba. Ya koma ofis ya zare wayoyin, ya ɗora kwamfutar da batirinta a baro, ya sa Sakiusa turawa. Sakiusa na tafe yana mita: "Ni da ke ɗaukar mutane, yau na koma ɗaukar amaryarka." A tsakar ɗakin Tukai aka jona ta. Momo ya ɗaga wayar intanet a hannu, a zare, ya ce, "Tukai, duba. Ba ta haɗe da ko'ina. In yaron ya fito, to a nan gida yake, ba a can ba."

Yaron ya fito, akwatin gawarsa lulluɓe da tuta. Tsohon ya kalla har ƙarshe. Sannan ya jawo saiwar kavar gabansa, ya tafa hannu alamar ya karɓa, ya ce, "Ashe ya iso. To, buɗe wa 'yar mutane hanya ta je aikin idonta."

Momo ya goge su daga akwatin saƙon, ya rubuta wa asibitin ya roƙi su sake aikowa. Amsa ta shigo, ya kawo takardar da kansa yana haki, Nana ta hau jirgin.

Momo, kai ne ba ka taɓa ɗaukar saƙon mutum a matsayin kayan na'ura ba. Kai ne mai buɗe hanya ba tare da ka taka kabarin kowa ba. Kai ne har yau kake buɗe ofis bayan coci ranar Lahadi, don Tukai ya zauna ya ga ɗansa, kai kuma ka fita waje ka yi kamar kana gyaran waya.

Yanzu an kafa ƙarfen sabis a kan tudu, kowa da wayarsa, gwiwoyin Momo kuma sun ce ya isa. Ranar Asabar za a yi masa walimar ajiye aiki. Mu da muka tashi da ilimin waɗannan na'urori, ina roƙonmu mu koyi abin da ya fi gyara wuya: mu tambayi mai abu kafin mu taɓa, ko da mun iya yi ba tare da ya sani ba.

Mun gode, Momo. Tabarmar da za a shimfiɗa maka ranar Asabar, ka duba bakinta da kyau. Nana ce ta saƙa, ita ta zaɓi zaren da idonta, kuma ja ne.