Baba Sikana da Rumbun da Aka Kulle

Kawuna ma'aikacin laburaren jami'a ne, ɗalibai na kiransa Baba Sikana. Ƙuruciyarsa a gaban na'urar sikana ta ƙare, yana ɗaukar hoton tsofaffin kundayen bincike shafi-shafi, yana turawa rumbun intanet da jami'arsu ta haɗa da takwarorinta na ƙetare. Nakan tsokane shi: "Kawu, malaman duniya sun haddace babban yatsanka, kowane shafi sai ya leƙo."

Da ya gama, manya suka ce zamanin takarda ya wuce, aka kwashe kundayen aka jera kwamfutoci. Bara yarjejeniyar da jami'ar ta ƙulla da takwarorin nata ta ƙare, ba wanda ya sabunta ta, rumbun kuma yana can waje a kulle.

Rannan wata ɗaliba ta zo neman binciken marigayi mahaifinta. Kawu ya yi ta buga kalmar sirri, allon kwamfutar ya yi kunnen uwar shegu.

"Baba, to ina na takardar?"

Ya sunkuyar da kai. Da hannunsa ya loda kundayen a motar shara ranar da aka kwashe su.

Yanzu kullum yana ƙofar shugaban jami'a don roƙon a sabunta yarjejeniyar, sakatare na cewa, "Baba, oga na taro." Yarinyar ta bar lambarta, har yau ya kasa kiranta.