Jiniyar Gidan Jima

Wata Litinin cikin damina, shekarar da na shiga aji huɗu, ni da Inna muka sauke ƙatuwar tukunyar tuwo a ƙofar gidan jima, muka zauna jiran jiniya. Rana ta take, tuwo ya fara yin ɓawo, ƙofa ba ta buɗe ba. Inna ta yi ta korar ƙuda da faifai tana cewa, "Mi ya samu jiniyag ga yau?" Can maigadi ya leƙo ya ce mu koma gida, an rufe kamfani.

Unguwarmu tana gangaren gulbi ne, kuma da wannan jiniya take rayuwa. Ba mai agogo a gidanmu. Ta safe ita ke korar mu makaranta, ta rana ke fito da ma'aikata, hannuwansu jajur da ruwan bagaruwa, su yi wa tukunyar Inna rumfa. Fatun jar akuya daga ƙauyukan hayi ake kawo su a kwalekwale, mu kuwa mu tsinto bagaruwa mu kai. A makaranta 'yan Tudun Wada suna toshe hanci in mun shigo, wai warin jima muke. Abin yana ƙona min rai, amma da warin nan aka ciyar da mu tun rasuwar Baba. Inna ba ta taɓa kai loma baki kafin jiniya ta busa ma'aikata su ƙoshi ba. Abin da ya rage a gindin tukunya shi ne namu.

Aka ce gyara za a yi wa kamfanin. Inna ta yarda, ta ci gaba da tuƙa tuwo cike da tukunya, muna ci har ya ishe mu, saura ya yi tsami. Ma'aikata suka watse ɗaya bayan ɗaya, wasu suka koma kabu-kabu, wasu suka tafi Kudu. Masu kwalekwale suka daina zuwa. Daga baya tukunyar ma aka sayar da ita.

Yanzu tireloli ke kwana a filin kamfanin, warin ya tafi, mutanen ma haka. Na gaji da bi ta wajen. Inna ta tsufa, hankalinta ya koma can baya. Kullum da rana in na ajiye mata kwano sai ta ture, ta tambaye ni, "An busa?"

Sai in ce, "An busa, Inna, kowa ya ci." Sannan take wanke hannu.