Yadda Wutar Kyauta Ta Kai Mahaifiyata Asibiti

A lokacin da abin nan ya faru ni matar ɗalibi ce a Kuala Lumpur, shekaruna talatin da ɗaya, da 'yata guda mai shekara bakwai, ga kuma tsohon ciki. Maigidana yana karatun digiri na uku, muna zaune a hawa na tara na wani dogon bene a Wangsa Maju, ɗakuna uku ƙanana da falo. A cikin matan 'yan uwanmu na unguwar ni aka sani da iya tattali. Ni na san kedai, wato kantin, da ya fi arhar shinkafa, ni ake bugo wa waya idan za a je titin Jalan Tuanku Abdul Rahman sayen yadi, don na iya ciniki. Ina jin daɗin wannan suna fiye da yadda ya kamata, kuma shi ne ya ja ni ga kuskuren da zan ba ku labarinsa. Yau dai alhamdulillahi hankalina kwance yake, komai ya wuce lafiya. Na rubuto ne don na san akwai irina da yawa a cikin masu karanta mujallar nan.

Mai gidan da muke haya wata dattijuwa ce 'yar asalin Sin, muna ce mata Anti. Tana da gidaje da dama a benen, ita ke biyan kamfanin wuta, mu kuma mu biya ta gwargwadon abin da mitar da ta saka mana ta nuna. Da muka zo sabunta haya sai ta ce ta fito da tsari biyu, kowa ya zaɓa. Na farko shi ne wanda muka saba, farashi ɗaya kullum. Na biyu kuwa wutar Asabar da Lahadi kyauta ce, ka sha yadda kake so, amma daga Litinin zuwa Juma'a farashin ya ɗara na da sosai. Ina jin kalmar kyauta na ji zuciyata ta kwanta. Na duba gidanmu, na ga ai ranakun aiki ba kowa: maigida yana jami'a tun safe, yarinya tana makaranta, ni kaɗai ce da fanka ɗaya. Wanki da guga da cincin ɗin da nake yi ina sayar wa 'yan uwanmu duk sai in tara su zuwa ƙarshen mako. Maigida ya ce shi da mun zauna a kan wanda muka sani, don abin da aka ce kyauta ne yakan zo da jela. Na dage, na kawo masa hujja a kan hujja, har ya yi dariya ya ce to uwargida, gida naki ne. Ni na sa hannu a takardar, ni kuma na riƙe duk wata hulɗa da Anti a kan wuta.

Watannin farko tsarin ya yi mana kyau ƙwarai, har na riƙa yi wa maƙwabta talla. Ana cikin haka mahaifiyata, wadda muke kira Umma, ta taso daga Kano don ta yi min wankan jego. Wannan ne karo na farko da ta hau jirgi in ban da aikin Hajji. Na haihu lafiya, mace na sake samu. Ba mu yi sati biyu da suna ba aka sa dokar kulle saboda korona. Aka rufe jami'a, aka rufe makarantu, jiragen sama suka daina tashi. Umma da ta zo da niyyar wata biyu ta maƙale. Gidan da na yi lissafinsa a kan mutum ɗaya ya koma na mutum biyar, dare da rana, kwana bakwai a mako. Maigida yana ƙaramin ɗaki da kwamfutarsa yana rubutun kundinsa, yarinya tana darasi ta waya a falo, hita ba ta hutawa saboda ruwan wankana da na jaririya.

Da Anti ta turo min abin da mita ta ci a watan farko na kulle, sai na ga kuɗin ya wuce duk lissafina. Abin da ya dace shi ne in nuna wa maigida, mu kira ta mu nemi a canza. Ban yi ba. Kuɗin karatunsa daga gida sun yi jinkiri, ga shi a takure da aikinsa, na ce kada in ƙara masa damuwa. Wannan dalilin nake ba kaina. Gaskiyar kuwa ita ce ba na son ranar da zai tuna min cewa ya faɗa. Na ɗauko ɗan abin da na tara na cincin na cike giɓin, sannan na ƙudura cewa zan gyara abin da dabarata. Na kafa doka a gidan ba tare da na kira ta doka ba. Esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, sai Asabar da Lahadi. Injin wanki da dutsen guga haka. Fanka kuma a kashe da zarar an tashi daga wuri. Ɗakin maigida kaɗai ban taɓa ba, don kada ya lura.

Ba zan ce zaman ba daɗi ba, don ƙarshen mako a gidanmu kamar ƙaramar salla yake. Tun asubahin Asabar injin wanki ke juyawa, esi a kunne a kowane ɗaki, ni da Umma muna murza cincin da dublan, ƙamshi har baranda. Umma takan zauna daidai saitin sanyin ta lulluɓa da mayafi tana dariya, tana cewa ita yau ta zo Turai. Yarinyar tana yi mata Malayanci ita tana mayar mata da karin magana, ba wanda ke gane wani, amma hira ba ta yankewa. Sai dai da Litinin ta zo gidan ya koma tanda. Wanda bai zauna a garin nan ba ba zai gane zafinsa ba. Ba irin na Kano ba ne mai ƙona fata, wannan lulluɓe mutum yake kamar jiƙaƙƙen bargo, gumi ya yi ta tsatsafowa ko kana zaune. Ɗakin Umma kuma shi ne mai kallon yamma, rana na dukansa daga azahar har magariba.

Wallahi ban taɓa buɗe baki na ce wa Umma kada ta kunna wani abu ba. Amma wata Talata na shigo falo na tarar yarinyar ta bar fanka tana juyawa ba kowa, na hau ta da faɗa, ina cewa ko ta manta yau Talata ce, wutar Talata ba ta banza ba ce, so take ta talauta ubanta. Umma tana ɗakinta, ƙofa a buɗe. Daga ranar, kamar yadda na gane daga baya, ta daina kunna fankar ɗakinta. Ta daina ɗumama ruwan da take gasa gwiwoyinta da shi. Idan na leƙa na ga fankar a tsaye sai ta ce iskar na sa mata mura, ni kuma in karɓa da sauri, don amsar ta yi min daidai. Mace ce mai kawaici, a gidan suruki take, ba za ta yarda a ce ta zo ta zama nauyi ba. Na san halinta sarai, ita ta haife ni. Na ga tana fifita da murfin kwali, na ga tana fita baranda ta zauna a ƙasa tana neman iska, na kau da kai.

Azumi ya kama muna cikin kulle. Ni ba na yi saboda shayarwa, Umma kuwa duk da hawan jininta ta ce ba ta ga abin da zai hana ta ba. Ranar Laraba, a mako na biyu, bayan la'asar, na shiga in tambaye ta ko kunun gyaɗa za a dama. Na same ta a kan dardumarta a kwance ta gefe, carbi a hannu, rigarta sharkaf, leɓɓanta sun bushe. Na kira ta ta buɗe ido, amma maganar da take yi ba ta haɗuwa. Ɗakin kamar an rufe tukunya. Na ƙwala wa maigida kira. Mutumin da tun aurenmu bai taɓa haɗa ido da Umma ba, gaisuwa ma daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya yi, shi ne ya sunkuce ta kamar jaririya ya nufi lif ɗin sauka daga bene da ita. A lokacin mutum ɗaya ake bari ya raka mara lafiya, ga ni da ɗanyen goyo, dole na tsaya. Na leƙa ta baranda ina kallon tsohuwar motarsa har ta sha kwana, sannan na koma ɗakin Umma na kunna fankar, na zauna a ƙarƙashinta ina kuka.

A asibiti, da yake akwai zazzaɓi a jikinta, sai da aka fara yi mata gwajin korona aka keɓe ta. Awannin da muka yi muna jiran sakamako ba na fatan ko maƙiyina ya ga irinsu. Tsohuwa ce da ba ta jin kowane yare sai Hausa, a tsakiyar mutane masu rufaffun fuskoki, a ƙasar da ba ta san kowa ba. Allah ya taimake mu gwajin ya nuna ba ta da cutar. Likita ya ce zafi ne da ƙarancin ruwa a jiki suka haɗu da hawan jini, aka ɗaura mata ruwa. Maigida ne ya zama tafinta tsakaninta da likita, suruki da suruka, tana magana tana kallon bango. Likitan ya tambaya ko akwai fanka a ɗakin da take kwana, ta ce akwai, ita ce ba ta son iska. Ko a gadon asibiti rufa min asiri take.

Kwana biyu aka riƙe ta. A rana ta biyu maigida ya dawo ɗaukar mata kaya, ya same ni a kicin. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Umma ta gaya wa likita ba ta son iska. Ni kuma na san ranar Asabar ita ke fara zama a gaban esi. Gaya min abin da ban sani ba." Na gaya masa komai, tun daga saƙon Anti har faɗan ranar Talata. Daga baya ya ce shi ma yana da nasa laifin, yana ɗaki fanka na kaɗa shi mako da makonni bai taɓa tambayar yadda sauran gidan yake ba. Ko sau ɗaya bai ce ai ya faɗa min ba, kalmar da na yi ta gudu har na kusa rasa uwata saboda ita.

A gabansa na kira Anti, na shirya roƙo mai tsawo. Ban kai rabi ba ta katse ni. "Boleh lah," in ji ta, wato ba matsala. Ta ce tun makon farko na kulle yawancin masu hayarta suka kira ta mayar da su tsohon tsari, ta ɗauka ni tsarin ya karɓe ni ne shi ya sa na yi shiru. Da ta ji Umma na asibiti, washegari ta aiko mana da kwandon 'ya'yan itace aka ajiye a bakin ƙofa. Kiran da bai fi minti uku ba, shi na kasa yi.

Da aka sallamo Umma na durƙusa a gabanta na nemi gafara. Ta dafa kaina ta ce, "Tattalin gidanki na ga kina yi, kuma ni na koya miki. Sai dai ban koya miki ɓoye wa mijinki ba." Daga nan ba ta sake tayar da maganar ba. Likita ya hana ta sauran azumin, ta yi ta mita, muka ciyar a madadinta. Muka mayar da ita ɗakin da ya fi sanyi, maigida ya kwashe littattafansa ya koma nata.

Umma ta ƙara watanni tare da mu kafin a samu jirgi, kuma a duk zamana na ƙasar waje ban yi kwanaki masu daɗin waɗannan ba. Kunyar da ke tsakaninta da maigida ta ragu, har ya zamana bayan sallar magariba yakan zauna a bakin ƙofar falo tana ba shi labarin Kanon da. Babbar 'yata da a da take amsa min da Turanci ta koma tana zuba Hausa har da habaici. Jaririyar a cinyar Umma ta fara zama. Ranar da za ta tafi ta ce in Allah ya kai rai za ta dawo, amma a lokacin da ba a rufe duniya ba. Tana nan da ranta da lafiyarta, maigida ya gama karatunsa, mun dawo gida, kusan kullum sai na je na gaishe ta.

Na daɗe ina juya abin a raina. Tsarin Anti ba yaudara ba ne, ya dace da gidan da muke da shi ranar da na sa hannu. Gidan ne ya canza, ni kuma na ƙi canzawa, na ɗauki mutanen gidan ina lanƙwasa su don su dace da takarda. 'Yan uwana mata, musamman masu zaman ƙasar waje inda kowane abu sai an auna, idan aka kawo muku tsari mai ɗauke da kyauta, na wuta ne ko na waya ko na mene ne, ku duba sauran kwanakin da ba kyauta ba, ku tambaya ko ana iya fita idan hali ya sauya. Idan kun zaɓa ya zo bai yi ba, ku faɗa da wuri, kunyar minti uku ce. Sannan ku lura da tsofaffin da ke zaune a gidajenku. Ba sa roƙo, ba sa ƙorafi, faɗan da kika yi wa yaro su suke ɗauka su yi aiki da shi. Idan mahaifiyarki ta ce miki ba ta son iska a garin da kowa ke gumi, kada ki karɓa don amsar ta yi miki daɗi. Tashi ki kunna mata da hannunki.