Gonar Cikin Waya

A gidanmu ba a taɓa yin mota ba. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye gabas da namu, kuma tun da na fara aiki ƙafata ce motata, sai in wata ya yi sabo in ɗan hau acaba in ji abin da manya ke ji. Zuwa Kano kuwa sai na fita Ɗanbatta na zauna a tasha ana jiran mota ta cika, ɗan kamasho yana rantsuwa saura mutum ɗaya, alhali rabin waɗanda ke ciki abokansa ne da za su sauka. A irin wannan zaman jiran na koyi wasan waya. Wata gona ce a cikin wayar: ka shafa da yatsa ka shuka alkama, ka ɗan jira ta nuna, ka sake shafawa ka girbe, ka ba kaji da shanu. Abin kunya ne ga ɗan manomi, na sani, amma yana kashe lokaci.

Shekarar da nake magana, ana gab da shuka hawan jini ya kayar da Baba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da muka dawo daga asibiti magana ta dawo masa, ƙafa da hannu kuwa shiru. Ƙannena suna can birni wajen nema, sai gonar gado ta faɗo a kaina, ga makaranta. In tashi da asuba in leƙa gona, in taka zuwa aji, in taso in koma gona, in dawo gida in tarar da tambayoyi. Gero ya fito? An yi noman farko? Ta gefen tsamiya ruwa ya kwanta? Duk amsar da na bayar, ƙarshenta ɗaya ne: "Ku kai ni in gani."

Kai shi ɗin ne aiki. Gonar tana can bayan burtali, hanyar da shanu suka tattake, rabinta yashi rabinta taɓo. Mun gwada acaba, aka sa shi a tsakiya na riƙe shi ta baya, ko ƙofar gida ba mu wuce ba ya fara zamewa. Wani ɗan yayan Baba da ke da mota ya zo dubiya daga Kano, na ja shi gefe na roƙe shi. Ya je ya dubi burtalin, ya dubi tayoyinsa, ya ce a bari ruwa ya ɗauke. Ban ga laifinsa ba, amma na ji haushinsa har cikin raina. Direbobin haya kuwa ko sauraro ba su gama ba.

Abin da ya rage shi ne amalanken shanun maƙwabcinmu, wadda ake kai taki gona da ita. Ranar da na kawo maganar, Baba ya dube ni sama da ƙasa.

"Ni taki ne?"

"Baba, za a wanke ta, a shimfiɗa katifa."

"A bi da ni ta ƙofar masallaci a kwance, kowa yana kallo? Ka bari sai ranar da ba ni da bakin hanawa."

Daga nan ya juya fuska bango. Abinci ma sai Inna ta yi ta lallashi. Na gaji ƙwarai a daminar nan, irin gajiyar da barci ba ya ɗaukewa.

Wata rana bayan la'asar ina zaune kusa da shimfiɗarsa, na fito da waya ina girbin alkamata don in huta da tunani. Ashe yana leƙe.

"Gonar wa ce wannan?"

Na ce tawa ce, wasa ne kawai.

"Gona kake cewa wasa? Miƙo."

Da hannun hagu ya koya, yana shafa gilashin da ƙarfi kamar mai goge dauɗa. Kuma bai daina faɗa ba. Wace irin ƙasa ce wannan da ba a yi mata maimai? Ina ruwan ya sauka? Da rumbun cikin wayar ya cika, ya ce ba zai ƙara shuka ba sai an fitar da zakka. Na ce Baba babu wanda zai karɓa a ciki. Ya ce rashin mai karɓa ba ya ɗauke wajibi. Dole na nemo inda ake ba maƙwabta kaya a wasan, na tura wa wani baƙo da ban san ko a wace duniya yake ba. Inna tana daga bakin murhu tana cewa, "Malam, Allah Ya sa dai a sammana tuwon wannan alkamar."

Garinmu ba wuta, don haka wani sabon aikin ya hau kaina. Kullum da safe in ajiye wayar wurin mai caji a bakin titi, in na taso in karɓo. In rana ta yi lumshi sola ba ta ja ba, ranar sai a hankali. Ina shigowa gida idon Baba yana kan aljihuna kafin fuskata. Wayar ta daina zama tawa, in an kira ni ma sai ya ce mutumin ya jira yana kan aiki. Amma ya koma cin abinci, kuma "ku kai ni in gani" ta ragu har ta ɗauke. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na ɗauka na samu sa'ida.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. A gidanmu ba a sa wa gero magirbi sai Baba ya tsaya a gonar ya ce a yanka. Haka ya tarar wurin mahaifinsa, haka muka taso muka gani, ko tumu ba ka isa ka karya ka gasa ba sai ya yi izini. Gero ya nuna. Maƙwabta suka fara kwantar da nasu, tsuntsayen da aka kora daga can suka dawo kan namu, ga hadari yana ta haɗuwa da yamma. Abincin gidan na shekara ne tsaye a fili.

Na karyo zangarniya na kawo masa. Ya juya ta ya ajiye, ya ce ba a yi wa gona hukunci da zangarniyar da yaro ya zaɓo. Washegari na bi gonar kusurwa-kusurwa na ɗauko bidiyo, har da tsuntsayen suna tashi. Na ce to ai gani ya kori ji. Ya kalla har ƙarshe, ya miƙo mini.

"Wannan abin da alkama ke nuna a cikinsa kafin mutum ya gama alwala, shi zan yarda da shaidarsa?"

"Baba, wancan wasa ne, wannan kuwa gonarka ce ta gaske."

"Duk a gilashi ɗaya na gan su. In ya iya nunar da waccan, me zai hana ya nunar da wannan?"

Na fita zaure na zauna. Inna ta biyo ni ta ce in je in yanka kawai, in ya so a ba shi haƙuri. Na kasa. Mutumin da aka karɓe wa ƙafa da hannu, wannan kalmar ce kaɗai ta rage masa, ba ni zan ƙwace ta ba. Haka aka ƙara kwanaki, tsuntsaye suna ci.

Shi da kansa ya kira ni wata safiya, bai dube ni ba ya ce, "Je ka ce wa maƙwabcin nan ya ɗauro shanun."

Inna ta wanke amalanken da toka, muka shimfiɗa tabarma da katifa, ni da maƙwabcin muka ɗora shi. Muna fitowa ya ja mayafi ya rufe har fuska don kada a gane shi. Da muka zo ƙofar masallaci, tsofaffin da ke zaune a gindin darbejiya suka hangi mutum a miƙe a lulluɓe, ga ni ina biye kaina a ƙasa. Suka miƙe gaba ɗaya. Ɗaya ya fara salati, limamin ya taho yana tambayata, "Yaushe abin ya faru?"

Baba ya yaye mayafin. "Ku koma ku zauna. Gona za ni."

Suka fashe da dariya, har da mai share ƙwalla. Shi bai yi ba. Amma bai sake rufe fuska ba, haka muka bi burtali amalanke tana jijjiga shi, yana cije leɓe.

A bakin gona ya ce a matsa da shi ciki. Na tallafo bayansa ya zauna. Ya janyo zangarniya da hagu, ya murza, ya jefa ƙwaya a baki ya tauna. Sannan ya bi gonar da kallo a hankali, har gefen tsamiya inda tsuntsaye suka bar zangarku fayau, babu ko ƙwaya. Ya daɗe yana kallon wurin.

"Wannan ai ya yi tuntuni," in ji shi. "Me ya hana ka yanka?"

"Kai muke jira, Baba."

Ina jin nauyinsa a hannuna, kuma sai a lokacin na san yadda ya rame.

"To, a yanka," ya ce. Can kuma, murya ƙasa-ƙasa yadda maƙwabcin ba zai ji ba, "Baɗi kada ka jira ni."

Na so in yi musu, amma ba a yi wa Baba musu a gonarsa. Na ce to. Na kwantar da shi, na je na taya maƙwabcin juya shanu.