Takin Baba da Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

Tambaya ɗaya Baba ya yi mini, ranar wata Lahadi bayan mun taso daga sujada, kuma ita ta hana ni sakat a duk ranin nan. Ya ce, "Kai da kake aikin awon ƙasa, ina zan kai taki bana?"

Gonakinsa biyu ne. Akwai ta gado, a gangare kusa da rafi, bayan ƙauyenmu a ƙasar Ƙarfi, inda masara ke yin goyo biyu ba da wani roƙo ba. Akwai kuma wata jigawa can ta hanyar Bakori, wadda ko dawa sai da lallashi take yi. Takin kuwa tsibi ɗaya ne, na shekara guda: kashin shanu da na awaki, tokar murhu, da sharar tsakar gida. A wajenmu da rani ake kai taki a mangala, a jibge shi tuli-tuli a gona, a baza kafin ruwan shuka. Wanda ya baza taki ya baza ke nan, ba a kwaso shi. To a shekarar, wajen ƙarshen shekarun tamanin, ana gina madatsar ruwa a ƙasan rafin, za a toshe ta a daminar, kuma babu wanda ya iya faɗin inda ruwan zai tsaya.

Mu ne ya kamata mu faɗa. Ina aiki a wani ofishin safiyo a Funtua, kuma muna da hotunan yankin da jirgin sama ya ɗauka. Na tuna jirgin tun ina makaranta, yana kai da kawo a kanmu kamar mai huɗa, tsofaffi suna cewa ƙidayar shanu yake yi don jangali. Idan aka ɗora hotuna biyu na wuri ɗaya a na'urar duba, aka sa ido, sai ƙasa ta taso, tudu ya zama tudu, kwari ya zama kwari. Daga nan muke karanto lambobi. Sai dai lambobin ba sa zama tsawon ƙasa sai an yi musu lissafi mai karya kai. Kaduna muke aikawa da su, inda babbar kwamfuta take, mu bi layi, amsa ta dawo lokacin da ta ga dama. A bin wannan layi, sai an yi girbi kafin Baba ya ji tasa.

Ana cikin haka aka amince ofishinmu ya sayi ƙaramar kwamfuta tasa, aka kuma aiko mana da manhajar lissafin a faifai. Wani Alhaji ɗan kasuwa daga Kano ya kawo guda biyu a bayan mota, mu zaɓa.

Ta farko gwanin kyau, allonta mai launi, har wasan kati ake yi a ciki. Ta biyu kuwa allon kore ne zalla, ba fasali, ga tsada. Da na tambayi dalilin tsadar, Alhaji ya nuna mini a takardarta cewa ƙwaƙwalwarta sabuwar ƙira ce, kuma an haɗa mata da wata ƙarama a gefe, wadda ba ta da aiki sai lissafi. Ina jin haka zuciyata ta tsaya a kanta.

Ogammu, dattijo ne mai sanyin magana, ya fi karkata ga mai launin, kuma yana da hujja. Masu buga takardu za su amfana da ita, ragowar kuɗin kuma ya isa a sayo wa masu fita awo sabon babur, don tsohon namu sai an tura shi yake tashi. Duk ofis suka ce haka ya yi. Ni kaɗai na ƙi.

Na ce, "Yallaɓai, a ɗora musu kaya tukuna."

Alhaji ya ɓata rai. "Haba Malam! Kaya sabo a leda, ka ce a gwada? In wani abu ya samu wa zai ɗauka?"

Na ce, "Alhaji, a kasuwar Bakori ko jaki ba a saye sai an ɗora masa buhu an ga tafiyarsa. Wannan da ya fi jaki tsada shi za mu saya don kyan fata?"

Oga ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce a buɗe. Taurin kai dai gado na yi, kuma ranar na ci gadon sosai.

Muka tada janareta, muka zuba wa kowacce lambobi iri ɗaya daga hotuna biyu na wajen Danja. Mai koren allo ta ɗan yi gurnani ta zubo amsa tun masinja bai gama raba shayi ba. Mai launi kuwa ta yi tsit, tana ƙifta ɗan haskenta. Oga da Alhaji suka tafi sallar azahar suka dawo, tana nan tana tunani. Hotuna biyu ke nan, mu kuwa da tarin hotuna a durowa.

Oga ya ce, "Na gani da idona. Amma babur ya tafi ke nan, kuma kai za ka faɗa wa abokan aikinka da bakinka."

Na faɗa musu. Suka daina kirana cin rana, suka laƙaba mini Malam Ƙwaƙwalwa, duk wanda ya turo tsohon babur daga daji sai ya leƙo ya ce in ara masa ƙwaƙwalwar ya hau. Abin ya yi mini ciwo, don mutanen kirki ne kuma gaskiyarsu suka faɗa. Na toshe kunne. A raina na riga na gama yanke hukunci cewa gonar gado za ta tsira, kwamfutar nan shaida kawai za ta ba ni.

Na duƙufa. In karanto lambobi a na'urar duba har idona ya yi ja, in zuba, in duba, in gyara. Zafi ya tsananta, aka ɗaure wa kwamfuta fanka ita kaɗai, mu muna ta zufa. Gabas ta fara haɗa gajimare da yamma. Duk Lahadi in na je gida sai in tarar da tsibin takin nan yana nan, maƙwabta sun kusa gama kai nasu, Baba kuma ba ya sake tambayata, sai dai ya dube ni ya dubi tsibin.

Wata safiya layin ruwa ya fito, wato inda ruwan madatsar zai tsaya. Na shimfiɗa taswira, na bi rafin da yatsa har na gane gonarmu, ga layin gamba da ya yi mata iyaka, ga ɗorawar da ke kanta ta tudu. Layin ruwan bai tsaya a ƙasan gonar ba. Ya haye ta gaba ɗaya, ya tsaya a gindin ɗorawa.

Na ce ƙarya ne. Na sake karanto lambobin, na sake zubawa. Kafin in gyara zama ta maido mini da amsar ɗazu. Saurin da na yi ta faɗa a kansa, shi ne ya hana ni ko ɗan jinkirin da zan yi fata a cikinsa. Da mai launin ce, da na samu yini guda ina sa rai. Na ji haushin na'urar nan kamar in jefa ta waje.

Oga ya zo ya duba aikin da kansa, a hankali, ya ga ba kuskure. Ya san gonar wace ce. Ya ce, "Sai haƙuri. Ɗauki babur ka je yanzu, ka biya wa mai unguwa da taswirar, don ba mahaifinka kaɗai ke jira ba." Abokan aikin nan da ke fushi da ni su suka tura mini babur ɗin har ya tashi.

Na samu Baba a zaure yana gyaran mangala. Na durƙusa na faɗa masa, ban yi kwana-kwana ba. Ya ajiye mangalar.

Ya ce, "Har ɗorawa?"

Na ce, "Har gindinta, Baba."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ya ce, "To, madalla da ka zo kafin ruwa. Allah ya yi maka albarka." Ya aika a aro jakunan maƙwabcinmu, wani Malam da suka tashi tare, don jigawa da nisa.

Washegari da sassafe muka fara lodi. Jakuna suka miƙe hanyar Bakori ɗaya bayan ɗaya. Amma jakin farko da aka yi wa lodi, Baba ya riƙe shi a gefe, da sauran suka wuce sai ya juya kan jakin gangare, wajen rafi.

Na ce, "Baba, ruwa fa zai cinye."

Ya ce, "Na ji ka tun jiya. Tun zamanin kakanka take ciyar da mu. Ba zan sallame ta hannu wofi ba."

Na ɗauki shebur na bi bayansu.