Hannun Hamma

Babanmu ya makance shekara huɗu kafin korona ta zo. Kunnensa ma ya yi nauyi, don haka da hannu yake gane mutane. Ka miƙa masa, zai riƙe, ya bi tafin da babban yatsansa, sannan ya faɗi ko kai wane ne, kuma bai taɓa kuskure ba. Ni ce autarsa, ni nake kula da shi a gidanmu na Dawaki tun da aurena ya mutu.

Da cutar ta shigo Gombe, mutanen unguwarmu dariya suka yi. Wai ciwon masu hawa jirgi ne, me ya haɗa shi da talaka? Abin da ke hana su sukuni shi ne kar a rufe kasuwa, kar a hana sallar Juma'a. A nan ban ga laifinsu ba, mutumin da sai ya fita zai ci dole ya ji tsoron kulle. Amma da Baba ya kwanta da zazzaɓi da tari, wallahi sai da na tsani 'yan dubiya. Ɗaki ya cika maƙil, ga zafi, ga warin gumi. Wani dattijo maƙwabcinmu ya fyace majina da hannu, ya goge a gefen riga, ya miƙa wa Baba hannun nan a kan idona. Goggo, ƙanwar Baba, takan kurɓi jiƙonsa ta ji ɗacin, sannan ta kafa masa kofin a baki.

Na ce, "Goggo, don Allah a riƙa wanke hannu kafin a shiga."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke, ni za ki koya wa tsafta? Ni na wanke miki kashi."

Shi kuwa babban wanmu, wanda muke kira Hamma, darakta ne a wata ma'aikata, yana zaune a GRA. Su can tsoron ya kai su har ba a buɗe wa mai kawo nono ƙofa. Ya aiko direba da bokiti mai famfo, da katan ɗin sanitaiza, da takunkumi fal leda. Direban ya jibge su a bakin zaure, ya yi hon, ya ja mota. Kaya dai mun samu, sai dai ba su Baba yake nema ba.

Hamma ɗan fari ne, kuma Baba mutum ne mai alkunya. Ban taɓa jin ya kira sunansa ba, ban taɓa jin ya tambayi inda yake ba. Sai ga shi kullum da safe, ina ba shi kunu, yana cewa, "Auta, wancan na GRA bai zo ba?" Ranar da na fara jin haka na san jikin ya yi nisa.

Na kira Hamma a waya.

Ya ce, "Auta, ki gane mana. Ina da ciwon suga. Kuma gidan nan naku kowa shiga yake. Ki haɗa mu a bidiyo mu gaisa."

"Bidiyo? Hamma, makaho za ka nuna wa bidiyo?"

"Ai zai ji muryata."

"Da wane kunnen?"

Kwana tara muna wannan ja-in-ja. Ban ce tsoronsa ƙarya ba ne, suga gaskiya ce, cutar ma gaskiya ce. Ko asibiti da na ce a kai Baba, Goggo ta rantse ba mai fitar da shi, wai za su killace shi, in ya mutu su binne shi ba wanka. Wannan na tsoron a ɗauke shi, wancan na tsoron ya taɓa shi, ni kuma ina tsakiya ina kwashe kaki a gwangwani. A rana ta goma haƙurina ya ƙare. Na ce wa Hamma in bai zo ba, zan tari keke in zo ƙofar gidansa in yi ta tari har maƙwabtansa su leƙo.

Ya zo ranar Alhamis bayan la'asar. Na kori kowa daga ɗakin har Goggo, na buɗe taga, na goge ƙofa da sanitaizar tasa. Sai ga shi ya shigo da takunkumi biyu, da wata roba mai rufe fuska kamar ta mai walda, da safar hannu ta roba shuɗiya. Ya durƙusa nesa da katifa.

Na matsa kusa da kunnen Baba na ce, "Ga shi ya zo."

Ban sani ba ko ya ji ni. Ya dai ɗago hannu yana laluben iska. Hamma ya dube ni, na harare shi, sannan ya matso ya miƙa. Baba ya riƙe, ya bi tafin da yatsa, ya sake bi. Robar tana ƙara ƙii-ƙii.

Ya ce, "Sannu da zuwa, likita. Allah ya biya. Don Allah in ka fita, ka sa a kira mini babban yarona. Akwai maganar da zan gaya masa."

Na ce a raina yanzu zai fizge safar nan. Da ruwa da sabulu a bakin ƙofa, minti ɗaya ya ishe shi. Na ga hawaye na gangarowa a bayan robar fuskar, na ce, "Hamma, cire mana!"

Bai cire ba. Ya sunkuya ya ɗaga murya yadda Baba zai ji, ya ce, "To, Baba. Zan gaya masa."

Ya zare hannunsa a hankali ya fita. Baba ya rasu ranar Asabar da hantsi, kuma har safiyar ranar yana tambayata ko likitan ya isar da saƙon.